Minti Tara Da Ban Jira Ba

Ranar da har gobe ba ta fita a raina ba a wannan sana'a tamu ta gyaran kwamfuta, wata Laraba ce cikin daminar 2005. Ku da kuka zo koyon aiki bana, kullum sai kun tambaye ni me ya sa na naɗe soket ɗin bayan tebur da baƙin salatif kamar wanda ya karye. Wani cikinku har cewa ya yi asiri ne. To ku ja benci, yau za ku ji asirin.

Lokacin ina aiki a wani bizines senta nan Lafia, kusa da tasha. Mu uku ne. Akwai Oga mai shago, wanda sai yamma yake leƙowa. Akwai Rifkatu, 'yar Eggon, ita ce taifis, in tana buga kibod sai ka ce ruwa ne ke sauka a kan kwano. Sai ni Isiyaku, da kowa ke kira Injiniya. Kada sunan ya ruɗe ku. A aji uku na sakandare ni da boko muka yi hannun riga. Kayan aikina sukundireba ɗaya ne, da tsohon burushin haƙori na share ƙura, da jakar sidi, da baki. Bakin ya fi sauran yin aiki.

Kwamfutar da Rifkatu ke aiki da ita tsohuwa ce, 'yar Beljiyam. Mun sa mata suna Hajiya, don in ka kunna ta sai ta gama shirinta tsaf kafin ta fito. Saboda wannan nauyin jikin nata ne na taɓa sa mata wani ƙaramin furogiram da na samo a wajen wani abokina. Masu ilimi suna ce masa dis kash, ni Mai Baro nake ce masa.

Bari in yi muku bayani yadda kaina ya ɗauka. Kwamfuta tana da wuri biyu. Akwai ram, shi kamar tafin hannu ne, abin da ke kai yana nan muddin akwai wuta, wuta na ɗaukewa ya zube. Akwai had dis, shi ne sito, abin da ya shiga ya zauna. To kun ga masu tura doya a kasuwa? Ba sa zuwa sito da doya ɗai-ɗai, sai baro ya cika. Haka wannan furogiram yake. In ka danna sebin, wato ajiye aiki, sai ya karɓi aikinka ya zuba a baro, ya ce maka an kai, alhali kayan suna nan a ram. Sai baron ya cika yake turawa sito. Da haka Hajiya ta yi sauri, Oga ya yaba, ni kuma na ƙara faɗin kafaɗa. Na san in wuta ta ɗauke baro zai kife, amma muna da yufiyes, wannan akwatin batir mai riƙe wuta na ɗan lokaci. Sai na ce ba matsala, na ma manta da shi.

Yanzu ga Baba Akwe. Tsohon hedimasta ne, mutumin Alago daga Assakio. Duk Laraba zai shigo motar safe, da sandarsa da lema da kwalbar ruwansa. Littafi yake yi, tarihin rayuwarsa da na makarantar da suka gina da jar ƙasa. Yanar ido ta rufe masa gani, ba ya iya rubutu, don haka ba shi da takarda ko ɗaya. Daga ka yake faɗa, Rifkatu na bugawa. Da Hausa yake yi, don ya ce jikokinsa na birni ita suka fi ji. Kuma ya kafa doka: ba a firintin ko shafi ɗaya sai an gama duka, ba ya son kowa ya karanta shi rabi. Abin da nake yi kawai, duk Laraba in sun tashi sai in kwafe aikin a fulash.

Ni da Baba wasan jika da kaka muke yi. Wata rana ya kawo wani tsohon hoto a yi masa sikanin, shi da wata budurwa doguwa mai tsagar goshi. Na ce, “Baba, wannan ai ta fi ƙarfinka. Da me ka yaudare ta?”

Ya ce, “Da alli da allo, ja'iri. Kai da me za ka yaudari wata, da sukundireba?”

Tun ranar, duk sanda zai tafi sai in ce, “Baba, ka gaida min matata.” Shi kuma ya ɗaga sanda ya ce, “Za ta ji.” Wata bakwai muna haka.

Sai ga ofdet. Wato gyaran da masu babban siston ɗin da ke tuƙa kwamfuta suke fitarwa, ka ɗora a kan wanda kake da shi. Lokacin bairos ya dame mu, kowa ya kawo disket sai ya bar mana tsaraba, aka ce wannan ofdet ɗin yana toshe ƙofofi. Na samo sidin, na zo ina rawar jiki.

Rifkatu ta ce, “Injiniya, abeg ka bari mu gama aikin Baba tukuna. Saura babi biyu fa.”

Na ce, “Ke dai buga kibod ɗinki. In ana maganar injin, taifis ba ta sa baki.”

Na ɗora. Kwana ɗaya lafiya. Rana ta biyu Hajiya ta sandare. Maus ba ya motsi, kibod ba ya amsawa, sikirin na kallonka kana kallonsa. A nan ne na yi abin da duk wani mai gyara a garin nan yake yi a lokacin. Mu da muka tashi wuta na ɗaukewa sau goma a rana, ba ma jin tsoron kashe kwamfuta da ƙarfi. Gani muke ta saba. In ta yi hangin, sai ka zagaya baya, ka zare waya, ka ƙirga uku, ka mayar. Har suna muka sa wa abin, muna ce masa allura. Na yi mata allura, ta tashi garau.

Kwana goma muna wannan. A rana sai ta sandare sau biyu, wani lokaci uku. Na cire ram na goge ƙafafunsa da kilina. Na share fanka. Na canja maus. Na nemi bairos ban samu ba. Na ce zafi ne, na juya mata fankar shago gaba ɗaya, mu muna zufa Hajiya na shan iska. Na ce janareto ne. Kowa na zarga, har da Rifkatu, na ce yatsunta sun yi wa tsohuwa sauri. Ban da Mai Baro, shi ko tuna shi ban yi ba. Nan da can in na yi allura sai a ga wata wasiƙa ta ɓace, amma mai wasiƙar yana tsaye da takardarsa a hannu, minti biyar an sake bugawa. Shi ya sa ban ɗauki abin da zafi ba. Ban tsaya na tuna cewa mutum ɗaya ne a cikin kwastomominmu ba shi da takarda ba.

Ranar Larabar Baba ya zo da farar riga mai guga. Bai tsokane ni ba. Ya zauna ya ce wa Rifkatu, “'Yata, yau babin uwargidana Asabe ne. Na bar shi ƙarshe don na san shi zai fi ba ni wuya.”

Ina gefe ina kwance wata firinta, ina ji. Ya faɗi yadda ya fara ganinta tana kawo wa magina ruwa daga rafi lokacin da ake gina ajin farko. Ya faɗi yadda rufin gidansu ke yoyo da damina, sai ta riƙa ɓoye masa alli a cikin tukunyar miya ta rufe da faifai don kada ya jiƙe. Ba ta yi karatu ba, amma duk yamma sai ta sa ya karanta mata sunayen 'yan aji, har ta haddace su, in yaro bai zo ba kwana biyu ita ce za ta bi shi gona. Ya yi ya yi ya koya mata rubuta sunanta, harafin farko kawai ta kama, shi take zanawa a gindin ƙorenta.

Sai na ji ya ce, “Shekara uku ke nan da ta rasu.”

Sukundireba ta faɗi daga hannuna. Wata bakwai ina aika gaisuwa wajen matar da ke kabari, tsohon nan yana ce min za ta ji.

Ya ci gaba. Ya ce ranar da za ta cika su biyu ne kawai a ɗakin, ta kama hannunsa ta faɗa masa wata magana, bai taɓa gaya wa kowa ba, ko 'ya'yansu. Ya ce wannan ba zai faɗe ta da Hausa ba, yadda ta fito daga bakinta haka za ta shiga. Ya faɗa da Alago, a hankali, yana ba Rifkatu harafi ɗaya bayan ɗaya. Layi biyu ne. Rifkatu ba ta jin Alago, ni ma haka. Ta ce, “Baba, me yake nufi?” Ya ce, “Wannan na 'ya'yana ne. In sun karanta za su gane.”

Awa huɗu suka yi, shafi goma sha ɗaya. Da ya kai ƙarshe ya share ido da bakin riga ya ce, “Na sauke. Na gode wa Allah.” Rifkatu ta danna sebin, Hajiya ta nuna an yi. Na ɗauko fulash zan kwafe. Kafin in soka, Hajiya ta sandare.

Rifkatu ta ce, “Injiniya, ka ɗan dakata mana.”

Ni kuma kunyar gaisuwar nan tana cina, ina neman abin da zan yi in nuna ni ma ina da amfani. Na ce, “Ba kin yi sebin ba? Ai ya shiga. Baba, ka ga yadda ake yi wa tsofaffi allura.” Na zagaya baya. Akwai wata 'yar jar fitila a gaban kwamfuta mai nuna had dis na aiki. Na gan ta tana ƙiftawa. Wallahi na gan ta. Na zare wayar, daga bayan yufiyes ɗin ma, da hannuna.

Da ta tashi, Rifkatu ta buɗe fayil ɗin. Babu Asabe, babu alli, babu komai. Wasu ƙananan akwatuna ne da alamomi sun cika sikirin tun daga sama har ƙasa. Ta juyo ta kalle ni. Baba ba ya gani, yana can yana laluben lemarsa.

Ya ce, “To, a fitar min a takarda ko? Yau dai doka ta ƙare.”

Na ce, “Baba, tawada ta ƙare a firinta. Ka bari sai Laraba, za ka same shi har da bango.”

Ƙarya ta fito sumul, don bakin ya saba. Ya ce ba komai. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, kamar yana jiran wani abu. Da ya ji shiru sai ya ce, “Ja'iri, yau babu saƙo?” Na sunkuyar da kai ina tattara kayan firinta. Ya yi 'yar dariya ya ce, “Kada ka daina. Kai kaɗai ka rage kana gaishe ta.” Ya tafi.

Ranar Alhamis na wuni a kan fayil ɗin. Duk wani furogiram na tono abin da ya ɓace da ke jakata na gwada. Na cire had dis ɗin na kai wa wani da ya fi ni sani, ya jona a tasa, ya duba ya duba ya ce, “Wannan an katse shi ne yana tsakiyar rubutu. Sabon bai shiga ba, tsohon ya fashe.” Na fulash yana nan lafiya, amma na makon jiya ne. Babin Asabe ne kaɗai babu.

Ranar Juma'a Hajiya ta sake sandarewa daidai ana kiran salla. Haushi ya sa ko allurar ban yi ba, na ɗauki hulata na tafi masallaci. Da na dawo na tarar Rifkatu na buga wasiƙa a kanta. Na ce, “Ke kika zare?” Ta ce, “Ban taɓa ba. Kana fita ba da daɗewa ba ta farka da kanta.”

Na ja kujera. Na zauna na riƙa tura mata manyan fayil har ta sandare, na cire agogona na ajiye a tebur, na harɗe hannuwa. Jar fitilar nan na ta ƙiftawa. Minti tara, sai maus ya motsa. Na duba, duk abin da na tura ya shiga, ko ɗaya bai ɓace ba. Na sake, haka. Na sake na uku, haka.

Daga nan aikin bai da wuya, abin da ya kamata in yi tun ranar farko ne. Na tashe ta a sef mod, wato ta tashi ita kaɗai ba tare da 'yan rakiyar da aka ɗora mata ba. Ba ta sandare ba. Ke nan cikin 'yan rakiyar ne. Na riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa, na huɗu shi ne Mai Baro. An yi shi ne don siston na da. Ofdet ya zo ya toshe hanyar da yake bi zuwa sito, sai ya zama in baronsa ya cika, da ƙyar yake kutsawa, ya tare hanya, kowa ya tsaya sai ya gama juyewa. Ashe duk kwana goman nan Hajiya ba suma take yi ba, aiki take yi. Na cire shi, ban fi minti biyu ba. Har aka sayar da kwamfutar nan ba ta ƙara sandarewa ba.

Rifkatu ta ce, “Gobe Asabar. Ka shiga mota ka je ka faɗa masa. Tun abin yana sabo a kansa zai sake faɗa.”

Na ce gobe. Asabar ta zo na ce akwai aiki. Lahadi na ce suna coci. Gaskiyar ita ce ban san da wane ido zan kalle shi ba, ko da yake shi ba ya ganina. Na ce ai Laraba zai zo da ƙafarsa, sai in faɗa masa a nan.

Laraba ta zo, motar safe ta sauke mutane, babu Baba. Ta rana ma haka. Washegari ni da Rifkatu muka nemi izinin Oga muka tafi Assakio. Kafin nan mun zauna mun haɗa abin da muka iya tunawa, ita ta tuna wani, ni na tuna wani. Shafi goma sha ɗaya ya dawo shafi ɗaya da rabi. Inda maganar Alagon take, muka bar layi biyu fari.

Babbar 'yarsa, Anti Talatu, ita ta tarbe mu. Ta ce ranar Litinin da safe ya faɗi a bakin ƙofa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Yana ji, yana ganewa, amma magana ba ta fita. Na ƙirga a raina: Asabar, Lahadi. Kwana biyu cur yana da baki, ni ina Lafia ina jin kunya.

Yana kwance a kan katifa a ƙasa. Na durƙusa na ce, “Baba, ja'irinka ne.” Ya motsa hannun hagu, na kama. Na faɗa masa komai. Na ce ba tawada ba ce, ƙarya na yi. Na ce ni na ɗora abin, Rifkatu ta hana ni, ni na zare waya. Ban sa wasa ko ɗaya ba, karo na farko tun da ya san ni.

Rifkatu ta karanta masa shafi ɗaya da rabin. Da ta zo wajen alli a tukunyar miya, Anti Talatu ta rufe baki da gyale ta ce, “Haka ne, wallahi haka Mama take yi.” Da ta zo wajen farin layin sai ta tsaya. Na yi wa Anti bayani. Ta matso kusa da shi, ta ce, “Baba, me Mama ta ce? Faɗa min ni.” Ta sake tambayarsa da Alago.

Ya yi ƙoƙari. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, leɓensa na rawa. Sauti ya fito, amma ba magana ba ce. Ya sake. Ya sake. Anti ta sa kunne a bakinsa har hawayenta na ɗiga a kan fuskarsa. Aka kawo biro aka sa masa a hannun hagu, ya ja wani layi a karkace, biron ya faɗi. Daga nan ya daina, ya juya fuska bango. Amma bai saki hannuna ba. Har yau ban san ko yafiya ce ba, ko kuwa dai hannun ne kawai ya samu abin riƙewa.

Bayan sati uku ya rasu. Mun buga littafin, mun yi masa bango kamar yadda na yi alkawari. Na tambayi Anti Talatu ko a haɗe wajen da babu komai, ta ce a'a, a bar shi. Duk kwafin da ke hannun 'ya'yansa da jikokinsa, a shafin ƙarshe akwai layi biyu fari. Wannan aikina ne.

To kun ji dalilin salatif. Wanda duk zai zare wayar nan sai ya tsaya warware shi, kafin ya gama ya tuna ya kalli jar fitila. In tana ƙiftawa, ka zauna a kan hannunka. In za ka ɗora ofdet, ka fara duba tsofaffin abin da ka cusa wa kwamfuta ka manta. In ta ce maka an yi sebin, kada ka rantse sai ka ga aikin a wani wuri daban. Kuma ka san waye a gabanka: wani wasiƙa ya kawo, wani abin da ya kawo babu shi a ko'ina sai a kansa. Ɓarna kuwa kowa na yi, ni na fi ku. Amma in ka yi, ka faɗa a ranar, mai abu na tsaye. Minti tara na kasa jira, sannan na iya jiran kwana bakwai a inda bai kamata ba.

Na je jana'izarsa. Na tsaya can baya da hulata a hannu, ana ta waƙoƙin coci. A gefen kabarin Mama Asabe aka haƙa nasa. Da aka fara zuba ƙasa mutane suka ragu, na matsa kusa, na duba ba mai jina, na ce, “Baba, ka gaida min matata.”

Na ɗan tsaya, ban san me nake jira ba. Sai na sa hulata na nufi tasha.